Tantani: daga kalangu zuwa kumbon Gemini

Ƴan uwa ɗalibai, ni harshe nake karanta, ba kimiyya ba. Amma akwai kalmar da nake so mu riƙe da kyau: tantani. Ita ce siririyar fatar da ake rufe bakin kalangu da ita. Kowane makaɗi daga Mallawa har Magaria da Dungas ya san halinta. Da damina takan sha raɓa ta saki, sai an shanya ta ko an kara ta kusa da wuta. Da hunturu kuwa takan bushe ta ɗaure, in aka matsa mata ta fashe.

To, irin wannan hali ne ya daɗe yana ba masana wahala a kan batirin haidirojin, wato na'urar da ke haɗa iskar haidirojin da iskar da muke shaƙa, ta ba da lantarki da ruwa. Wani lauya ɗan Birtaniya, William Grove, shi ya fara gwada dabarar a 1839. Sai a shekarun 1950 Thomas Grubb da Leonard Niedrach na kamfanin General Electric a Amurka suka sa wani tantanin roba a tsakiyar batirin. Aikinsa shi ne ya bar ƙwayoyin haidirojin su ratsa, ya tare iskokin biyu kada su gauraya.

A watan Agusta 1965 kumbon Gemini 5 ya tashi da irin wannan batir, ya yi kusan kwana 8 a sararin samaniya. Amma tantanin ba ya da ƙarko, yana saurin lalacewa. Kumbon Apollo kuwa ya yi amfani da wani nau'in daban. A ƙarshen shekarun 1960 Walther Grot na kamfanin DuPont ya samar da Nafion, wanda har yau ake aiki da shi.

Nafion ma bai tsira ba. Ƙwayoyin haidirojin ta cikin ruwa suke bi, don haka dole ya zauna da laima. Yawanci a wajen digiri 80 yake aiki. In zafi ya wuce haka ya bushe, wuta ta ragu. In ruwa ya yi yawa, ya toshe hanyar iska. In kuma yau kumbura gobe tsukewa, a hankali sai ya tsage. Kun ji kalangu ke nan!

Me ya shafe mu? Haidirojin ba ta da nisa da mu. A ƙauyen Burakebugu na Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da ita a ƙarƙashin ƙasa a 1987. Motar Toyota Mirai mai wannan batir ta shiga kasuwa a 2014. Wata rana irin waɗannan na'urori za su iso jihar Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, hunturu ya busar da leɓe, Agusta kuma ya jiƙa komi.

Ranar da suka iso, kada mu tsaya kallo da baki buɗe. Mu tambayi mai kawowa: a wane zafi aka gwada ta, a wace laima? Kuma mu yi tambayar da Hausa, tunda kalmar muna da ita.