Fanisau: Ribaɗin da Ya Zama Wurin Yawon Sallah

A Kano, Babbar Sallah ba ta ƙarewa da yankan rago. Ranar idi akwai Hawan Sallah. Kashegari Hawan Daushe, inda sarki kan je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, sai Hawan Nasarawa da ke kai shi gidan gwamnati. Duk waɗannan a cikin birni da gefensa ake yin su. Hawan da ake rufe biki da shi ne kaɗai yake fitar da sarki da hakimansa zuwa karkara: Ɗorayi a Ƙaramar Sallah, Fanisau a Babba. Fanisau tana ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birni, bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Ga mutanen Ungogo wannan rana daban take. Sauran kwanakin shekara su ne ke shiga birni da kayan gwari, da itace, da neman aikin yini. Ranar Hawan Fanisau birnin ne ke zuwa ya same su. Magidanta daga Rangaza, Bachirawa, Gayawa da Zango kan kwaso yara da sababbin ɗinkuna, 'yan mata da ƙunshi da kitson Sallah, a samu gindin bishiya a bakin hanya a kafa ido. Masu rake, gurasa, alawa da fura da nono sun riga kowa zuwa. Daga nesa za a fara jin bindiga tana tashi, sai kakaki da algaita, sai ga 'yan lifida da 'yan sulke, hakimi bayan hakimi kowa da zugarsa, kafin a hango lema. A nan ne za ka ji yaro yana jan rigar mahaifinsa: "Baba, ɗaga ni in ga Sarki!" Sarki kan yini a gidansa na Fanisau yana karɓar gaisuwa, da yamma a ɗunguma a koma birni.

Mafi yawan masu kallo ba sa tambayar abin da ya sa sarki ke da gida a nan. Ba don shan iska aka gina shi ba.

A 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe, a madadinsa. Naɗin bai yi wa kowa daɗi ba. Garuruwa da dama suka yi tawaye, Dabo ya shafe shekarunsa na farko a kan doki yana murƙushe su ɗaya bayan ɗaya, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku, wani shugaban Fulani a arewacin Kano, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a, ya riƙa kawo hari daga wajen Dambatta. Duk rundunar da za ta nufo birni daga wannan ɓangare sai ta ratsa ƙasar da yau muke kira Ungogo. Saboda haka Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, wato gari mai ganuwa da aka zaunar da mayaƙa a cikinsa don tsaron iyaka, irin tsarin da Muhammadu Bello ya ƙarfafa a daular Sakkwato, shi da kansa ya zauna a na Wurno.

Ana cikin wannan hali Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairun 1824. Bai tarar da sarki a fada ba, sai da aka fita da shi bayan gari zuwa sansani suka gana, kuma sunan Fanisau ya shiga rubuce-rubucensa. Rikicin Ɗan Tunku bai ƙare da takobi ba. Sarkin Musulmi ne ya raba gardama, ya yanka wa Ɗan Tunku ƙasarsa, aka samu masarautar Kazaure. Amma Fanisau ba ta rasa amfani ba, domin arewa ba ta daina haifar da barazana ba: Katsinawan Maraɗi suna nan, Damagaram ma tana nan, wadda dakarunta suka shigo ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, a ƙarshen ƙarni na 19.

Mayaƙi dai sai ya ci, doki ma haka. A nan ne ɓangaren tarihin da ba a cika faɗa wa yara a bakin hanya ba yake. Kewayen Fanisau gandaye ne, na sarki da na attajiran birni, kuma bayi ne ke noma su, mutanen da aka kamo a yaƙi ko aka sayo a kasuwa. Manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi ne ke kula da gandayen sarauta, a ƙarƙashinsu akwai masu tsayawa a kan aiki. Bawa kan yi aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar, sannan ya juya zuwa gayaunarsa, ɗan abin da zai noma wa kansa. Wani kan samu a yanka masa murgu, ya je ya yi sana'arsa yana biyan ubangidansa, idan Allah ya taimake shi ya tara kuɗin fansa. Dawa da gero da suka fito daga irin waɗannan gonaki su ne suka ciyar da fada da barga. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya wallafa littafi sukutum a 2011 a kan gandayen Fanisau, ya dogara ƙwarai da hirarrakin da aka naɗa da dattawa a shekarun 1970, lokacin da masu tuna zamanin suna raye. Abin mamaki, ɗalibin tarihi a Kanada ko Amurka yana iya sanin wannan labari fiye da saurayin da aka haifa a garin.

Ashe zuwan sarki Fanisau a wancan zamani tafiyar aiki ce: ya duba mayaƙa, ya ga amfanin gona, ya saurari ƙorafi, wani lokaci daga nan a ɗaura ɗamarar yaƙi. Lifidin da yara ke yi wa shewa yau rigar kare kibiya ce. Jafin da mahaya ke yi, su sako dawaki a guje su ja linzami a gaban sarki suna jinjina, nuna wa shugaba ne cewa doki da makami suna nan a shirye.

A watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano, yaƙi ya ƙare, ribaɗi ya rasa aikin yi. Bautar kuwa ba ta mutu nan take ba. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, gonakin kewayen birni suka koma noma ta. Ganuwa ta zaizaye, gandu ya watse, abin da ya rage shi ne gidan sarki da hawan. Mulkin Alhaji Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014, ya yi tsawon da kakanni da jikoki suka kalli mutum guda a ƙarƙashin lema ɗaya, kuma a zamaninsa ne hawan Kano ya zama abin da jakadun ƙasashe da baƙi masu kyamara ke yin takakkiya don gani.

A ganina, iyalin da suka je Fanisau suka tsaya ga dawaki kawai sun kalli rabin abin. Uba zai iya nuna wa ɗansa gonakin da ke gefen hanya ya gaya masa waɗanda suka nome su a da, ba tare da hakan ya rage wa ranar armashi ba. Jikokin masu gandu da jikokin waɗanda suka yi aikin gandun duk suna cikin taron, sun zama maƙwabta, wasu ma surukai.

Shekarun baya-bayan nan ba su yi wa hawan daɗi ba. Annobar korona ta dakatar da shi a 2020. A Babbar Sallar 2024 'yan sanda suka hana hawa saboda rikicin sarautar Kano, kuma a watan Disamban shekarar ne hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Duk shekarar da ba a hau ba, masu ɗinkin kayan doki da masu talla a bakin hanya su ke fara ji a aljihu. Ita ma karkarar da sarki ke fita gani tana ƙanƙancewa. A ƙidayar 2006 Ungogo ta haura mutum 360,000, birni kuma bai daina matsowa ba, gonaki da yawa an yanka su fuloti an dasa bulo.