Cutar Korona: Yadda Take Yaɗuwa da Abin da Binciken Likitoci Ya Tabbatar

 

Korona, wadda likitoci ke kira COVID-19, cuta ce ta numfashi da wata ƙwayar bairos ke haddasawa. An fara ganinta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, kuma a cikin wannan watan aka samu masu ɗauke da ita na farko a Kamaru da Gana da Nijar da Chadi. Mun rubuta wannan bayani domin limamai da ɗalibai su san abin da aka tabbatar, su ware shi daga abin da aka yi ta yayatawa a kasuwa da waya.

Yadda take yaɗuwa

Da farko an fi zargin hannu da abin da hannu ya taɓa. Shi ya sa aka yi ta fesa magani a bango da tabarmi, ana goge ƙofofi. Wanke hannu abu ne mai kyau, addini ma ya riga likita umarni da shi, amma bincike ya nuna babbar hanyar cutar ita ce iska. Mai ɗauke da ita idan ya yi tari, ko magana, ko ya ɗaga murya, ko ma numfashi kawai, yana fitar da ƙananan ɗigon ruwa. Masu nauyi suna faɗuwa nan kusa. Marasa nauyi kuwa suna yawo a ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta, har wanda ke can ƙarshen ɗakin ya shaƙa.

Wani abu da ya faru a jihar Washinton ta Amurka a watan Maris 2020 ya taimaka wajen fahimtar haka. Mutum 61 suka taru a ɗaki ɗaya suna bitar waƙa na wajen awa biyu da rabi, ɗaya daga cikinsu yana da alamun cutar. Bayan haka 52 suka kamu ko aka kyautata zaton sun kamu, biyu suka rasu. Ba musabaha kaɗai za ta yi wannan ɓarna ba. Duk da haka sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta amince da muhimmancin yaɗuwa ta iska, kuma a ganinmu an yi jinkiri.

Abu na biyu da aka gano shi ne mutum na iya yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, wani ma ba zai taɓa jin ciwo ba. Alamu kan bayyana bayan kimanin kwana biyar, wani lokaci har kwana 14, wanda shi ne asalin killacewar mako biyu. To idan aka haɗa waɗannan biyun, za a gane cewa masallacin da aka rufe tagoginsa aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ya fi haɗari a kan sallar da aka yi a fili, kuma takunkumin rufe baki da hanci ya fi amfani a cikin cunkoso.

Matsayin shari'a

Wasu sun kafa hujja da hadisin da ya kore yaɗuwar cuta. Malamai tun da daɗewa sun haɗa shi da hadisin da ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, suka ce abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya ta cewa cuta tana yaɗuwa da ikon kanta. Cuɗanya sababi ne, Allah ne mai sababbabawa. Sayyidina Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, Abdurrahman bin Auf (RA) kuma ya tabbatar masa da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa. A kan irin waɗannan dalilai aka taƙaita Hajjin 2020 ga 'yan ƙalilan mazauna Saudiyya, na 2021 kuma ga mutum 60,000.

Rufe masallatai ya yi wa jama'a ciwo, har aka yi tarzoma a wasu garuruwan Nijar. Ba ma zargin wanda ya ji zafin abin. Amma wanda yake tari da zazzaɓi, babu saɓani mai ƙarfi a kan cewa ya yi sallarsa a gida, tunda an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci saboda wari kawai.

Magani

Yawancin masu cutar suna warkewa da hutu da shan ruwa da maganin zazzaɓi. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda. Alamar da ba a jira da ita ita ce ƙuncin numfashi, domin abin da ya fi ceton rai a asibiti shi ne iskar oksijin.

Yadda aka tantance magunguna ya cancanci ɗalibi ya kula da shi. A Ingila, jami'ar Oksfod ta jagoranci wani gwaji mai suna RECOVERY: an raba dubban majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su maganin da ake gwadawa, wasu ba a ba su ba, sannan aka ƙirga waɗanda suka rasu a kowane ɓangare. A watan Yuni 2020 sakamako ya nuna deksametazon, wani tsohon magani mai araha, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Ga wanda ciwonsa bai kai haka ba, bai amfane shi ba, don haka ba maganin saye a kanti ba ne. Wannan gwajin dai ya nuna dangin kulorokwin da aka yi ta rububinsa bai rage mutuwa ba. Cewa "wane ya sha ya warke" ba hujja ba ce, domin da bai sha ba ma galibi zai warke. Masu ilimin hadisi sun san bambancin labarin mutum ɗaya da ba a bincika ba da riwayar da aka bi diddiginta.

Rigakafi da halin da ake ciki

An fara allurar rigakafi a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020. Gana ce ƙasar farko da ta karɓi kaso daga shirin COVAX, allura 600,000, a watan Fabrairu 2021. Allurar ba ta hana kamuwa ɗungurungum, musamman bayan ɓullar nau'in Omikron da masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano a Nuwamba 2021, amma tana rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa bincike bai gaskata ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 15 a 2020 da 2021, kai tsaye ko a kaikaice. Ranar 5 ga Mayu 2023 ta janye matakin gaggawa, amma ƙwayar tana nan tana yawo, kuma wasu da suka warke suna fama da kasala da ƙarancin numfashi na tsawon watanni.