Daga Fatauci Zuwa Aikin Dare: Wa Ke Riƙe Mana Yara a Agege?

Jama'a, rashin uba a gida tsohon abu ne a Zangon Agege. Tun da layin dogo ya ratsa ta nan zuwa Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, kakanninmu suke ɗaure goro su yi Arewa, wasu kuma su gangaro da shanu. Sai mutum ya yi wata biyu bai ga iyalinsa ba. Amma yaro bai rasa mai kwaɓarsa ba, don gidan fatoma cike yake: ga kaka, ga matan gida, ga baƙin fatake, ga malam a zaure da allo. Ɗa na kowa ne a lokacin.

Da masana'antu suka cika Ikeja a shekarun 1960, sai aikin karɓa-karɓa ya shigo: wani safe, wani yamma, wani dare. Bayan tsarin SAP na 1986 kamfanoni da yawa suka rage ma'aikata, abinci ya yi tsada, manyan gidaje suka koma ɗakunan haya. Mutanenmu suka ƙara dulmiya cikin aikin dare: gadi, sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, sammakon mayankar Oko-Oba. Uwa ma tun kafin assalatu tana bakin kaskon ƙosai.

To, kun ga inda aka samu bambanci. Bafatake yana nesa, amma gida na da masu ido. Mai aikin dare kuwa yana nan kwance a ɗaki ɗaya da yaransa, sai dai barci yake. Uwa ta ce, "Ku fita, babanku na hutawa." Ina za su? Titi. Asuba babu mai tashinsu, Islamiyya babu mai tambayar ko sun je, Hausar ma ta fara yi wa wasu nauyi a baki. Miji da mata kuwa sai sallama a bakin ƙofa.

Ba mu ce kowa ya bar aikinsa ba, neman halal ibada ne. Abin da muka rasa shi ne zauren nan, kuma muna iya maido da shi. Kowane layi ya san gidajen da uba ke kwana a wajen aiki, maƙwabci ya ƙwanƙwasa wa yaran ƙofa da asuba, malamai kuma su riƙa sanar da iyaye duk ranar da yaro bai zo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.