Saiwar Iboga da Jarabar Ƙwaya: Wanke Jiki Daban, Warkewa Daban

A dazuzzukan Gabon da kudancin Kamaru akwai wani ɗan itace da ake kira iboga, wanda mabiya addinin gargajiya na Bwiti suka daɗe suna kankare ɓawon saiwarsa suna ci a bikin shigar da sabon mabiyi. A 1901 masana a Faransa suka tace sinadarin da ke cikinsa, suka raɗa masa suna ibogen. Ba a danganta shi da maganin shaye-shaye ba sai a 1962, lokacin da Howard Lotsof, wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 19 da jarabar hirowin ta kama, ya sha shi don neman maye, da ya wartsake sai ya ji sha'awar ƙwayar ta ɗauke. Amurka ta haramta ibogen, don haka wuraren jinya masu zaman kansu suka tsiro a Meziko da wasu ƙasashe, suna karɓar kuɗi masu kauri bisa alkawarin yaye mutum a 'yan kwanaki. Matsayin wannan maƙala shi ne, itacen ya cancanci bincike na gaske, amma alkawarin da ake sayarwa da sunansa ya ginu ne a kan ruɗa wanke jiki da warkewa.

Wanda ya saba da ƙwayoyin dangin ofiyam, irin su hirowin da tiramol da kodin, idan ya yanke, jikinsa kan shiga azaba: gumi da makyarkyata, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ciki na murɗawa, gudawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri guda har gari ya waye. Wannan kan lafa cikin mako guda zuwa biyu, kuma akwai shaida mai ɗan ƙarfi cewa ibogen na sassauta shi. Sai dai haɗarin na nan gaba. Idan jiki ya wanku, sabon da ya yi da ƙwayar ya kan zube, alhali sha'awarta na nan kwance a ƙwaƙwalwa. Ranar da mutum ya koma, kuma da yawa kan koma, sai ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa ya tsaya. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washintan ta Amurka ya nuna cewa a makonni biyun farko haɗarin mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Saboda haka ma'aunin kowane magani shi ne mutum nawa ne ke raye, suna kan ƙafafunsu, bayan shekara guda. A kan wannan ma'auni metadon da bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin magunguna masu muhimmanci a 2005, suna rage mace-mace da kusan rabi muddin ana kan shansu. Ibogen bai kai ga irin wannan shaida ba tukuna.

Shi kansa sinadarin yana taɓa zuciya: yana jinkirta saisaituwar lantarkinta tsakanin bugu da bugu, har bugun ya rikice. Wani nazari na 2012 ya tattara mutuwa 19 da suka biyo bayan shan sa tsakanin 1990 da 2008, akasari ga masu ciwon zuciya ko hanta tun da farko, ko waɗanda suka haɗa shi da wata ƙwaya. Abin da ke tayar da hankali shi ne, masu neman wannan magani su ne daidai mutanen da shekarun shaye-shaye suka riga suka raunata jikinsu.

Za a ce ai mutanen Gabon sun yi ƙarnuka suna amfani da shi. Haka ne, amma a ƙarƙashin kulawar dattawa, kuma ba don yaye mutum daga hirowin ba. Za a kuma ce abin da ya fito daga itace ya fi na kamfani aminci. To ai ofiyam ɗin ma ƙaro ne da ake tatsa daga jikin tsiro, kuma daga wannan tsiron ake samo tushen bufurenofin. Ganyen kiratom na Tailan da Indunusiya, da ake tallatawa a matsayin mafita, yana aiki ne a kan mazaunin da ofiyam ke kamawa a ƙwaƙwalwa, kuma shi ma ana sabawa da shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa metadon musanya jaraba da jaraba ne, kuma akwai waɗanda ya gaza yi wa amfani. Gaskiya ne mutum kan dogara da shi shekaru, kuma ba kowa yake karɓa ba. Amma mai shan awon da likita ya yanka kowace safiya, ya tafi sana'arsa, ya dawo wa iyalinsa, ba halinsa ɗaya da mai kwana neman abin da zai tsira wa jijiyarsa ba. Waɗanda kuma maganin ya gaza musu su ne hujjar a yi wa ibogen gwaji mai tsari, da na'urar lura da zuciya a gefen gado da bibiyar majinyata tsawon watanni. Jihar Tekzas ta Amurka ta ware dala miliyan 50 a 2025 domin irin wannan gwaji, kuma hakan ya fi a bar masu neman tsira suna tsallaka iyaka a ɓoye.

Batun bai tsaya a Amurka ba. Ƙididdigar 2018 da Najeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Iyalan da ba su da asibitin zuwa kan koma ga jiƙo da sassaƙe, ko gidajen mari irin wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka tarar da mutane sama da 300, wasu cikin sarƙa. Dukkansu sun ginu a kan zaton cewa da zarar an fitar da ƙwaya daga jiki an gama. Duk wani tsiro da za a kawo, na gida ko na dajin Gabon, ya kamata hukumomin lafiya su nemi mai shi ya nuna alƙaluman waɗanda suka sha, wata shida da shekara guda bayan sallama.