Jibi, Tarayya ko Yukaris: Sunayen Ibada Ɗaya a Bakin Iyakar Illela

Lahadi ce ranar kasuwar Illela, kuma ita ce ranar sujadar Kirista. Yayin da ake sauke shanu da raguna da suka ƙetaro daga Ƙonni ta Nijar, su kuma 'yan tsirarun Kiristan garin, galibinsu 'yan kasuwa da ma'aikatan bakin iyaka da aiki ya kawo, suna cikin majami'unsu. A wasu Lahadin akan ɗauko gurasa a gutsuttsura, a zagaya da abin sha, kowa ya ɗan taɓa, don tunawa da abincin da Yesu Almasihu ya ci da almajiransa a daren da aka kama shi. Ibo kan kira wannan Oriri Nso, Yarabawa su ce Ounje Ale Oluwa. Bahaushe kuwa yana da suna har uku, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba.

Wanda ya fi yawo a bakin jama'a shi ne Jibin Ubangiji. Shi za ka ji a ECWA da Baptis, da ikilisiyoyin Nijar da suka tsiro daga aikin mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, gabas da Ƙonni. Matsalar sunan ita ce matashin yau da ya ji "jibi" sai hankalinsa ya tafi ranar da ke bin gobe. Wani ma ya rubuta shi da ƙugiya, ya mai da shi jiɓi, wato gumi. Ba ko ɗaya. Jibi a nan tsohuwar kalma ce ta abinci, wanda aka dafa aka zauna aka ci. Ta yi ƙaranci a hirar yau da kullum, amma ta samu mafaka a Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932, bayan shekarun da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi suna fama da ita. Da masu fassarar sun ce walima ko liyafa, da sunan ya yi ƙamshin biki da shagali. Da sun ce sadaka, da sun shigo da wata ma'ana ta neman lada wadda masu wannan aƙida ba su yarda da ita ba. Jibi bai ɗauki kaya ba: abinci ne, mai shi kuma Ubangiji.

Kayan da ke kan teburin ma haka aka yi musu. Ba a ce burodi ba, aka ce gurasa, wadda duk wanda ya san Kano ya san ta, kuma ta fi kusa da abin da ake ci a Falasɗinu. Ba a ce kofi ba, aka ce ƙoƙo. Ruwan inabi ne kaɗai ya bar ƙura, domin sunan bai bayyana ko mai sa maye ba ne. Katolika dole sai ruwan inabi na ainihi. Yawancin masu bishara a Arewa, irin su ECWA da Baptis, kuwa ba sa kusantar barasa ko a majami'a, sai su sa wani jan abin sha mai zaƙi a madadinsa. Ba su suka fara ba: tun 1869 wani Ba'amurke mai suna Thomas Welch ya gano yadda za a dafa ruwan inabi ya daɗe bai yi tsami ba, don cocinsa na Metodis.

Katolika, waɗanda Illela ke ƙarƙashin dayosis ɗinsu na Sakkwato da aka kafa a 1964, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011, sun fi riƙe sunan aro, Yukaris. Daga Helenanci yake, ma'anarsa godiya. Kuma lura da aikatau: ɗan ECWA "ci" yake yi, ɗan Katolika "karɓa" yake yi. Ba salon magana ba ne kawai. A wurin Katolika, da zarar fada ya yi addu'ar keɓewa, gurasar ta zama jikin Almasihu da gaske, ko da kamanni da ɗanɗano ba su sauya ba, kamar yadda majalisar Tirent ta jaddada a 1551. A wurin mafi yawan masu bishara, alama ce ta tunawa. Ko a tsakanin waɗanda suka ɓalle daga Roma ba a daidaita ba, don a kan wannan batu Luther da Zwingli suka zauna a Marburg a 1529 suka tashi baram-baram.

Suna na uku shi ne ya fi nauyi, Tarayya Mai Tsarki. Tarayya kalma ce da kowa ya sani, ita ce a "gwamnatin tarayya", ita ce kuma a sunan TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, da aka kafa a 1955. Tana nufin a haɗu a kan abu ɗaya kowa da rabonsa. Akwai 'yar'uwarta, zumunta, wadda ƙungiyar Zumuntar Mata ta sa ta shahara a majami'un Arewa, amma zumunta a ƙafa take, ziyara ce da gaisuwa da taimako. Tarayya ta fi kama da sa hannu cikin akushi ɗaya, kuma Bahaushe ya san ba da kowa ake haka ba.

Nan ne sunan ke da kaifi. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, ya tsawata wa masu hali da ke riga cinye abinci suna barin matalauta da yunwa, har ya ce abin da suke ci bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba. Amma teburin da ke haɗawa shi ne kuma ke warewa. Wanda ba a yi wa baftisma ba, ba ya ci. Wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo yakan zauna yana kallo har dattawa su maido shi. Mai mata fiye da ɗaya ya daɗe yana tsaye a bakin ƙofa, abin da ya taɓa Hausawa masu shiga Kiristanci sosai. Anglikan sun hana shi baftisma a taron Lambeth na 1888, sai a na 1988 suka sassauta da sharuɗɗa. Kuma a ƙa'ida ɗan ECWA ba ya karɓa a bagaden Katolika. Saboda haka mai bi daga Illela zai iya ƙetara iyaka ya ci jibi da 'yan ɗariƙarsa a Ƙonni, amma ya kasa ci da maƙwabcinsa Kirista na layi ɗaya. Ni dai ban ga wata iyakar da ta fi wannan wuyar ƙetarewa a garin ba, har da iyakar ƙasa da aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023.

Musulmi mai karatu ba baƙo ba ne ga batun teburi. Sura ta biyar a Alƙur'ani, Ma'ida, ta samo sunanta ne daga roƙon da Hawariyawa suka yi wa Annabi Isa na a saukar musu da teburin abinci daga sama. Wannan ba ya nufin aƙidun biyu sun zama ɗaya, kuma kuskure ne a kira ibadar Kirista da sunan layya ko sadaka don neman sauƙin bayani.

Ga 'yan jarida da masu fassara: in labarin na Katolika ne, a ce Yukaris, in na sauran ne, ko ba a tantance ɗariƙa ba, a ce Jibin Ubangiji. Kuma a rubuta shi da "b" marar ƙugiya.