Yadda Ake Naɗar Sautin Jitar Lantarki da Makirufo

Jitar lantarki ba ta da wata murya ta a zo a gani sai an jona ta. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta shi ke mayar da motsinsu zuwa siginar lantarki, amfilifaya ta ƙara wa siginar ƙarfi, lasifika kuma ta fitar da sauti. Amon da kunne ya sani a matsayin kukan jita daga wannan akwati yake fitowa. Shi ya sa masu naɗar sauti suke kafa makirufo a gaban lasifikar, maimakon su jona jitar kai tsaye da kwamfuta, inda sautin kan fito a bushe kuma da kaifi.

A yankin Sahel wannan sana'a tana da nauyi. Makaɗan Abzinawa irin su Tinariwen na Mali da Bombino da Mdou Moctar na Nijar sun mayar da jita abin isar da koken al'umma. Kundin da Mdou Moctar ya fitar a 2024, Funeral for Justice, ya soki rawar da Faransa ta taka a Nijar. A irin wannan kiɗa, rurin amfilifaya yana cikin saƙon, kuma naɗi maras kyau yakan rage masa ƙarfi kafin ya isa kunnen mai sauraro.

Nau'o'in makirufo

Wanda aka fi amfani da shi shi ne makirufo mai naɗin waya da maganaɗisu, domin yana jure ƙara mai tsanani kuma ba ya saurin lalacewa. Fitaccen misalinsa shi ne Shure SM57, wanda ya fito a 1965, kuma shi ne aka daɗe ana gani a kan mumbarin shugabannin Amurka. Na biyu shi ne mai siririn zirin alminiyom, kamar Royer R-121, wanda ke tausasa kaifin sauti amma yana son lallaɓawa. Na uku shi ne kwandensa, mai buƙatar wuta bolt 48, wanda aka fi ajiyewa nesa don ya ɗauko amon ɗaki.

Inda ake kafa shi

A nan ne gwaninta take. Da farko a gano ainihin inda lasifikar take a bayan ragar akwatin, ko da ta hanyar haska tocila. Yawancin lasifikun jita faɗinsu inci 10 ne ko 12, kuma sauti ba ɗaya yake ba a ko'ina a fuskarsu: tsakiya tana ba da amo mai kaifi, gefe kuma mai kauri da taushi. Mafari mai kyau shi ne a sa makirufo santimita 2 zuwa 5 daga raga, yana fuskantar wurin da ƙullutun tsakiya ya haɗu da sauran jikin lasifikar. Daga nan sai a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan ana sauraro.

Tazara ma tana da tasiri. Makirufon da ke ɗaukar sauti daga gaba yana ƙara kaurin amo idan ya matso kusa. Idan aka ja shi baya, sai amsa-kuwwar ɗakin ta shigo, mai daɗi ko akasin haka.

Makirufo biyu

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Idan makirufo biyu ba su yi daidai a tazara ba, sautin zai riga isa ga ɗaya, kuma idan aka haɗa su sai wani sashe ya soke wani, amon ya fito siriri kamar daga cikin bututu. Maganin shi ne a daidaita kawunansu. Idan ɗaya yana bayan akwati mai buɗaɗɗen baya, sai a juya siginarsa, domin lokacin da lasifika ke tura iska gaba, a baya janta take yi.

Gunjin wuta

Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma jita kan tsinci gunjinta, musamman kusa da janareta ko tiransifoma. Gajeriyar waya mai kyau, da wayar ƙasa da aka haɗa daidai, da juyawar makaɗi har ya sami inda gunjin ya lafa, duk suna taimakawa. Cire wayar ƙasa don kashe gunji kuwa ganganci ne da ya sha jawo asarar rai.

Tsadar kaya ba ita ce ma'auni ba. A 1951 Sam Phillips ya naɗi waƙar Rocket 88 a birnin Memfis da amfilifayar da ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda. Amonta mai gurnani yana cikin abin da ya sa ake ambaton waƙar har yau. Ƙaramar amfilifaya da makirufo guda sun isa, muddin an ba kunne lokacin neman wurin da ya dace.