Daga Marisuwa Zuwa Yarjejeniyar 2011

Mu da muka tarar da kakanninmu da rai mun sha jin suna ƙidayar shekaru da "shekarar Marisuwa". Murar 1918 ke nan, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50 a duniya. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Firitawun ta Saliyo cikin watan Agusta, a Satumba ta shiga Ikko, daga nan ta biyo layin dogo ta yo Arewa. Ƙasashen da ke Yaƙin Duniya na Farko sun toshe bakin jaridunsu don kada abokan gaba su ji rauninsu. Sifen, da ba ta cikin yaƙin, ita ta bar labarin ya fita, sai aka liƙa mata sunan cutar.

Likitocin wancan lokaci ba su ma san abin da suke yaƙa ba. Sai a 1933 masu bincike a Landan suka ware ƙwayar cutar, daga baya kuma aka gane tana sauya kama a kai a kai, har rigakafin bara ya kasa aiki sosai a bana. Wannan hali nata shi ya tilasta haɗa kai, domin ba ƙasar da za ta san irin murar da ke tafe sai wadda ta fara gani ta faɗa. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin da ɗakunan binciken ƙasashe ke aika samfurin ƙwayar zuwa manyan cibiyoyi. Har yau masana kan zauna sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, su zaɓi nau'in da za a yi wa allura. Tsarin ya ga annobar 1957 da ta 1968.

Amma akwai lauje cikin naɗi. Talaka ke ba da samfur kyauta, kamfani ya yi allura da shi, mai kuɗi ya saye. Murar tsuntsaye ta H5N1 ce ta tona wannan. Ta kashe mutum 6 a Hong Kong a 1997, a Fabrairun 2006 kuma ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karonta na farko a Afirka, kafin wata ya ƙare an same ta a Magarya ta Nijar. A 2007 Indunusiya, inda cutar ta fi kisa, ta ƙi ci gaba da aika samfurinta. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta sha suka, aka ce tana wasa da rayukan duniya. Mu dai ba mu ga laifinta ba, kuma annobar 2009 ta gaskata ta: ƙasashe masu hali suka kama allurar tun kafin a yi ta, sauran suka jira sadaka, wadda ta iso bayan wutar ta lafa.

Shekara huɗu aka kwashe ana ciniki. A watan Mayun 2011 aka amince cewa kamfanonin da ke amfana da samfurin za su haɗa dala miliyan 28 duk shekara, su kuma keɓe wa Hukumar wani kaso na allurar idan annoba ta ɓarke. Sai dai yarjejeniyar mura kaɗai ta shafa. Da korona ta zo a 2020, ba ta cikin takardar, aka sake layin 2009, Afirka a can ƙarshe.